Teburinku Ya Juya, Yayana Ya Tashi

Zuwa ga mai girma Darakta na sabon gidan abincin 'yan Sin da ke bakin garin Magarya, kan hanyar Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina yi maka barka da zuwa ƙasarmu, da barka da buɗe wannan katafaren gida da ya sa masu kabu-kabu ke rage gudu don su kalli jajayen fitilunsa. An ce mini Hausarka ba ta wuce sannu da na gode ba. Ba komai, ka ba tafintanka ya karanta maka, amma don Allah ka ja masa kunne kada ya tsallake magana ta huɗu.

Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na koyar a lekol, makarantar boko, a Waca da Sassumbrum har na ajiye alli, yanzu ina zaune a nan Magarya. Ba suna nake nema da wannan rubutu ba, ba kuma kuɗin abincina ba. Na biya, na yafe. Abin da na rasa a gidanka ba ya cikin takardar lissafi, shi ya sa zan fara daga tushe.

Ina da wa guda ɗaya a duniya, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Idi, manomi a Waca. Bayan rasuwar Baba aka raba mana gona. Wata shekara ya tafi ci-rani, da ya dawo sai ya ce iyaka ta matsa, wai na janye masa 'yan kunyoyi zuwa gefena. Ni na san ban taɓa ba, shi kuma ya rantse ya gani da idonsa. Tun daga nan muka daina magana. Mukan tsaya sahu ɗaya a jana'iza, kafaɗa da kafaɗa, a watse ba wanda ya ce wa wani uffan. Furfura ta cinye mu a haka.

Ƙanwarmu Hajiya Rabi ce ta hana kanta sukuni, yau tana Waca gobe tana Magarya, har bana Allah ya sa Yaya ya sauko. Amma ya kafa sharaɗi. Ya ce ba ya son dogon bayani, ba ya son shaidu. A zauna, a ajiye kwano ɗaya, ya sa hannu in sa hannu kamar yadda muke yi a ɗakin Inna, shi ke nan magana ta mutu. Ranka ya daɗe, a wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuka haɗa hannu da shi a kwano, ba ka da bakin sake tayar masa da tsohon zance.

Saura wurin zama. Gidana ya rantse ba zai taka ba. Gidansa kuwa 'ya'yansa sun fi shi zafi. In muka ce wajen masu tuwo a tasha, rabin kasuwa zai kewaye mu yana kallo. Ina cikin wannan tunani sai na ji tallarku a rediyo, ana cewa kuna da teburin iyali a ɗaki na musamman, abinci a tsakiya, kowa ya miƙa hannu ya ci kamar a gida. Wallahi har na ɗaga hannu na yi hamdala. Na ce ashe 'yan Sin ma 'yan uwanmu ne a cin kwano ɗaya! Na kuma ce bari in girmama yayana, in kai shi inda bai taɓa shiga ba. Ga abin da muka tarar ranar wata Asabar bayan sallar azahar.

Na ɗaya. Yaya ya sauko daga motar Waca da farar rigarsa ta Juma'a, yana dogara sanda. Mai gadinku ya tare shi ya karɓe sandar, wai doka ce, ba a shiga da makami. Madalla da wannan tsaro. Tsohon da ƙafarsa ke rawa, lalle kam ya isa ya ci gidan nan da yaƙi. Sai dafa bango ya yi ya shiga, don har lokacin bai yarda ya dafa kafaɗata ba.

Na biyu. Muka zauna a ɗakin da na kama, sanyin na'urarku yana kaɗa mana haƙora. Aka haɗa mu da babban ma'aikacinku mai jar riga, magidanci ne ba yaro ba, Bahaushe kamarmu, kuma daga baya na ji mutumin wajen Dungas ne. Amma ko kalmar Hausa ɗaya ya ƙi furtawa, sai Faransanci, “wi mushe, wi mushe”. Yaya ya nemi ruwan wanke hannu, da buta da ɗan kwano. Aka kawo masa wani tsumma mai zafi a naɗe, an riƙo shi da ƙarfe kamar garwashi. Ya juya shi, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai tun nan na fara shan jinin jikina.

Na uku. Na yi wa mai jar riga bayani da Hausa, na sake yi masa da Faransancin da na koyar da yara shekara da shekaru, cewa shinkafa da naman rago muke so, a faranti ɗaya babba. Ya ce wi mushe. Can sai ga jerin gwano: faranti na nama, faranti na ganye, faranti na wata taliya mai santsi, da wata miya mai zaƙi da tsami da har yau ban gane inda ta dosa ba. Aka jera su a kan wani faifan gilashi da ke tsakiyar tebur. Gaban kowannenmu kuma aka ajiye tsinkaye biyu na cin abinci da wani ɗan kwano wanda ko kaza aka zuba wa tsaba a ciki sai ta yi ƙorafi. A nan zan faɗi gaskiya don Allah: na tambaya an tabbatar mini naman yankan mahautan garin nan ne, kuma ƙamshinsa ya yi. Wannan kam kun yi ƙoƙari.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Yaya ya dubi ɗan kwanonsa, ya ture shi gefe, ya ture tsinkayen. Farantin nama yana daidai tsakaninmu, ya ɗan fi kusa da shi. Ya naɗe hannun rigarsa, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ranka ya daɗe, rabon da mutumin nan ya kalli fuskata tun gashina yana baƙi. Na ɗaga hannuna don in naɗe tawa rigar in bi shi.

Daidai nan mai jar riga ya matso, ya sa yatsa ɗaya a bakin gilashin nan, ya murza. Ashe juyawa yake yi! Ba wanda ya gaya mana. Farantin nama ya sulale daga ƙarƙashin hannun Yaya, ya zagayo a hankali ba ko ƙara, ya zo ya tsaya cak a gabana. Abin da ya koma gabansa ganye ne.

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi naman, ya dubi hannuna da ke ɗage, ya dubi mai jar riga. Na ga lissafin da yake yi a fuskarsa: ƙanensa ya ɗaga hannu, ma'aikaci ya ga alama, abinci ya bar gabansa. Sai ya sauke hannun rigarsa a nutse, ya ce, “To, shi ma ya koma gefenka.” Iyakar maganar da yayana ya yi mini ke nan bayan duk shekarun nan, kuma a gidanka na same ta. Na gode.

Na rantse masa ban yi wa kowa alama ba, na maimaita. Na kama gilashin zan mayar masa, garin gaggawa na murza da ƙarfi, naman ya wuce shi ya sake dawowa wajena, miyar nan mai zaƙi ta fantsama masa a farar riga. Haba! Ko maƙiyi ne ya tsara abin ai sai haka.

Na biyar. Kai da kanka ka fito da ka ji hayaniya, ka rusuna har sau ba adadi, kuma na ga alamar abin ya dame ka. Tafintanka ya bayyana mana cewa a ƙasarku ba a sa hannu a farantin kowa da kowa, kuma mai masauki ne ke zaɓar tsoka mafi kyau da tsinke ya sa wa babba a kwanonsa. Wai shi ya sa aka juyo naman wajena, don in girmama yayana. Wallahi al'ada ce mai kyau, ban raina ta ba. Da a ƙofa aka gaya mana, wajen da aka tsaya karɓar sanda, da yanzu addu'a nake rubuto maka. Amma lokacin da tafinta ke zuba bayani, Yaya ya riga ya dafa bango ya fita, ya karɓi sandarsa, ya hau kabu-kabu zuwa tasha. Ni kaɗai na amfana da darasin.

Sannan don ku wanke laifi, kuka ɗure mana abincin mu tafi da shi gida. A kwali biyu. Nasa daban, nawa daban, kowanne da ɗaurin jan zare mai kyau. Lalle kun iya aiki, ko masu rabon gado ba su kai ku tsafta ba. Haka na rungumo su duka biyun na dawo gida, na ba maƙwabta.

Tun ranar ban huta ba. Na je Waca, ya aiko matarsa ta ce mini yana barci, alhali ina jin tarinsa daga zaure. Na koma, aka ce ya tafi gona, ga takalmansa a bakin ƙofa. A kasuwar Waca yanzu labarin da ake yi shi ne, wai mushe ya yi hayar 'yan Sin da na'ura don a ƙwace wa yayansa loma a baki. Wasu ma sun ƙara gishiri, sun ce da maɓalli a aljihuna. Ni da ko wayata sai jikata ta saita mini.

Hajiya Rabi kuwa ta zo har gida ta wanke ni tas. Ta ce duk wuraren Allah da ke Magarya ban ga inda zan kai tsoho ba sai inda tebur ke yawo. Ta ce girman kai ne irin na 'yan lekol. Da ta gama faɗa sai ta fashe da kuka, ta gaya mini abin da suka ɓoye mini. Ashe ba lallashinta kaɗai ya sauko da Yaya ba. Ciwo ne a cikinsa, likita ya ce sai an kai shi Damagaram an yi masa aiki, kuma bai yi musu alkawarin komai ba. Shi ya sa ya sa rigar Juma'a ranar Asabar ya shigo mota. So yake ya gama da ni kafin ya kwanta a gadon asibiti.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Da farko, ku gyara tallarku. Ku ce abinci a tsakiya, kowa ya miƙa tsinke, kuma tsakiyar tana tafiya. Wanda ya ji ya zo, ya zo da saninsa.

Sannan ku ware ko tebur ɗaya ne ku buga masa ƙusa, ku ajiye buta a gefensa. Garin nan cike yake da mutanen da ke da zancen da ba ya ƙarewa sai a kwano ɗaya, kuma kuɗinsu ba ya wari.

Kada kuma ka kori mai jar riga. Abin da aka koya masa ya yi, yana da iyali. Ka dai sake masa baki ya riƙa yin Hausa, don na tabbata da da harshen uwarsa yake tunani a lokacin, da yatsan nan bai taɓa gilashin ba. Ya san ma'anar tsoho ya naɗe hannun riga.

Na ƙarshe shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ba shi hutun yini ɗaya ya shiga motar Waca, ni zan ɗauki nauyin tafiyar. Ya tuɓe jar rigar, ya yi sallama a ƙofar Malam Idi, ya durƙusa ya gaya masa da Hausa cewa ba wanda ya yi masa alama, dokar gidanku ce ya bi. Rantsuwata ba ta da daraja a wajen Yaya, ta daɗe da ƙarewa. Ta baƙo wataƙila ya saurara. Amma don girman Allah a yi shi cikin makon nan, domin mako mai zuwa za a tafi da shi. Ni ma na tsufa, na san abin da ake nufi idan likita ya ƙi yin alkawari. Ina tsoron a kira ni in yi wa yayana wanka, hannuna ya taɓa nasa a lokacin da ba zai sani ba.

Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya kawo maka masu ciniki daga Dungas har Damagaram. Idan kana da ɗan'uwa a can ƙasarku, Allah ya mayar da kai ka same shi da rai, ku ci abinci tare.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Wani tsohon mushe, Magarya.