Ranar da Na Kai Ɗalibaina Tsibiri

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa a durƙushe, irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, tare da fatan kina cikin rahamar Allah. Damina uku ke nan da rasuwarki. Ko da kina raye sai an karanta maki wannan takarda, amma dai zan rubuta.

Kin san halina na rubuta kome a kaye, littafin nan nawa na rubutu. Jiya na ɗauko na shekarar da aka yi ta yajin aiki, jam'iyyu suna zagaya Maraɗi da tutoci, sai na ci karo da wannan layi: "Fita da ɗalibai zuwa Tsibiri. Mun ga wata tsohuwa mai ɗinkin hannu." Wata tsohuwa, Inna. Da hannuna na rubuta haka.

A lokacin makarantarmu ta koyon ɗinki yau a buɗe, gobe a rufe. Direktiris, shugabar makarantar, ta ce maimakon zaman banza mu kai 'yan matan su ga ɗinkin ƙauye, daga nan su ɗinka wa matan lambun Jiratawa rigunan aiki. Ni na ce na san wata gwana a Tsibiri. Ban ce gidanmu ne ba. Ina gudun Direktiris, wadda ta yi karatu a waje, ta ga ɗakin laka da turken awaki, ta san inda ni da ake kira Madam na fito.

Na kuwa shirya abin. Na zaɓi ranar da gari duk yana gona. Kuma ni ce ɗiyarki ta fari: ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki kallona a gaban mutane. Kunyar nan da kike yi mani, ita na ɓuya a bayanta.

Kin shimfiɗa tabarmi, kin dama fura. Kin gaishe ni kamar yadda kika gaishe su, kanki a sunkuye.

Da kika auna wata ɗaliba da taƙin hannunki, na zaro metir ɗin awo daga jaka, na ce da Faransanci wannan awon mutanen da ne. Yara suka yi dariya. Ba ki jin Faransanci, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Duk da haka kika nuna masu ɗan ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da kike sakawa a hammatar riga, kika ce, "Mai aiki tana ɗaga hannu, a bar mata wuri." Ban ce su rubuta ba.

Rigunan Jiratawa bisa zanen littafi muka yanka su. Bayan sati biyu da kai masu rigunan muka koma Jiratawa, matan suka tarbe mu a bakin lambun da hannuwa sama, suna ƙyalƙyata dariya. Kowace riga ta yage a hammata wajen ɗaukar kwandon albasa. Muka kwaso su, na sa aka saka masu ƙyallenki, babu wadda ta sake yagewa. A rapor, wato rahoton aikin, na rubuta cewa dabarar makaranta ce. Tun daga nan ɗalibai ke kiransa ƙyallen Madam.

Da na zo gida da Salla na zauna jiran faɗa. Ba ki yi ba. Na dai ji kina ce wa ƙanwata, "Baƙin nan na rannan, malamarsu ta iya magana." Na rubuta maganar a kaye, na juya ta ya fi a ƙirga, har yau ban san ko yabo ne ko ciwo ba. Shekara biyu kika ƙara a duniya. Kowane zuwa ina cewa yau zan ba ki haƙuri, sai in ɓige da zancen farashin gero.

Yau da safe wata sabuwar ɗaliba ta tambaye ni inda na koyi ƙyallen. Direktiris tana tsaye a bakin ƙofa. Na faɗa, Inna. Na ce tsohuwar Tsibiri ce ta koya mani, na ce da taƙi take awo kuma ba ta kuskure, na ce uwata ce. Na sa kowa ta rubuta.

Na san ya zo a makare. Allah Ya gafarta maki, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata maki shi kamar yadda kike bar wa mai aiki wuri. Ni kuma ki yafe mani.

Ɗiyarki ta fari,
wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba.