Bel Ɗin da Uwarki Ta Shafa wa Mai

Zuwa ga ɗiyata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya mijinki da yara, yaya aiki? Mu nan sai godiyar Allah. Maƙwabcinmu tela ne ke rubuta mini, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Kin tambayi jiki. Ɗinkin ya kame, amma jakar bayan gidan nan da suka manna mini a gefen ciki bayan sun yanke hanjin tana nan. Ba ta da kunya, a gaban baƙo take gurnani. Saboda ita na daina zama a bencin ƙofar shagon tela, ni da in ba na wurin ba mai iya faɗin wanda ya fara gina gida a layinmu. Likita ya ce zai mayar da hanjin ya raba ni da ita, amma sai na rage teɓa, wai wuƙarsa ba za ta sake ratsa wannan kitsen ba. Tumbin da na tara a kujerar babbar mota tun ba a haife shi ba!

Ya tura ni wurin wata mai tsara abinci. Ta hana soye-soye da sukari a shayi. Ta ce dafaffen ƙwai, kifi, 'yar shinkafa mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa kamar kaza, in tauna har muƙamuƙi ya gaji, in yawaita ruwa. Na ce gara in bar cin gaba ɗaya a gama da wuri, ta ce yunwa ba ta warkar da hanji. Ga tattaki kullum.

Sikelinsu kuwa ban yarda da shi ba. Ina da bel ɗina na fata da nake ɗaure wando da shi. Kowace huda da hannuna na yi ta, na kuma san shekararta: ta aurena, ta samun mota, ta haihuwar yayanki, ta haihuwarki, har ta ajiye tuƙi. Da shi zan riƙa aunawa, sama da jakar.

Ki gaida kowa.
Mahaifinki.

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina rubuto miki ne raina a ɓace.

Kwanakin baya bel ya yi ta ba ni albishir. Na bar hudar ajiye tuƙi, na wuce ta shekarar da muka yi rufin kwano, har na doshi ta haihuwarki. Uwarki ta ce tunda abu na tafiya, ɗan soyayyen nama ba zai kashe ni ba. Na ci. Ta ƙara sukari, na sha. Tela ya kawo tef ɗinsa zai auna ni, na ce ya je ya auna masu ɗinki.

Ranar asibiti na shiga ina taƙama. Na hau sikeli, ashe ƙaruwa ma na yi. Na ce ƙarfensu ya lalace, suka kawo wani, bakinsu ɗaya. Likita ya ɗage aikin. Na dawo da jakata kamar yadda na tafi da ita.

Shekaranjiya na shiga kicin neman ruwa, sai ga bel ɗina rataye a ƙusa bayan ƙofa, yana ƙyalli da mai, an ɗaure masa dutsen guga a ƙasa. Ashe duk lokacin da na fita tattaki haka uwarki take yi masa. Fata ce ta miƙe, ba ni ne na rame ba. Yanzu duk shekaruna sun goce daga wurarensu. Auta, ɓarawon cikin gida ya fi ƙarfin kwado. Ko ruwa ba na karɓa daga hannunta.

Tela yana dariya, na ce ya rubuta ko ya tashi.
Mahaifinki.

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki, Allah ya raya yara. Saƙonki ya iso, kuma ba sai kin koya mini zama da matar da na aura kafin a san za a yi ki ba.

Amma na tambaye ta dalili. Ta daɗe tana goge tukunyar da ba ta da datti, sannan ta ce: "Sau ɗaya na taɓa ganin ƙashin wuyanka, ranar da suka tura ka ɗakin tiyata. Ba na son in sake gani."

Kin ji fa. A wurinta rama ita ce mutuwa. Sai na yi faɗa a kan dutsen guga.

Washegari na ja ta har gaban mai tsara abincin, ta ji da kunnenta cewa kitsen ne ke tsare ni cikin jakar. Tun daga nan kwano ɗaya muke ci, ƙafa ɗaya muke tattaki. Sai dai an gudu ba a tsira ba: wadda ke ɗura mini nama a ɓoye yanzu ita ke ƙirga mini loma, tana cewa ban tauna ba. Abin haushi, ta riga ni ramewa.

Jiya dai sikeli ya sauko inda likita yake so, ya sa ranar aiki farkon wata mai kamawa. Ki zo. Tela ya ce ya share mini wurina a benci.

Bel kuwa ya tashi daga aiki, ƙuguna ya faɗa tsakanin huda biyu. Na ba uwarki ƙusa da guduma na ce ta huda da kanta, tunda ita ta ɓata lissafin. Ta huda a karkace. In kin zo zan bi da ke kan hudojin ɗaya bayan ɗaya ki riƙe, don fatar ba abin yarda ba ce kuma. Karkatacciyar ita ce shekarar da uwarki ta yi mini ƙarya don kada in mutu.

Naki har kullum,
Tsohon direba, mahaifinki.