Farin Buhu a Kan Sanda

Asabar, 15 ga Afrilu

Na ɗaga tuta da hantsi, kafin la'asar duro biyu sun ƙare. Tutar ba wata ta a zo a gani ba ce, tsohon buhun garin masara ne fari a kan doguwar sanda, amma tun daga hanyar kogi ake hango shi, kowa ya san yau akwai giyar dawa a gidana, gidan Malikeleli. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan sana'a, tun da aka kawo gawar maigidana daga ramin zinariya.

Ntate Phakiso (Ntate muke ce wa kowane magidanci) ya sha har bargonsa ya zame bai sani ba. Ba yau ya fara ba.

Sanyin farko ya sauka a nan duwatsun Lesotho. Ganyen masara duk ya ƙone, gonaki sun yi ja.

Talata, 18 ga Afrilu

Maseabata ta hauro ta taya ni niƙan tsiron dawa. Gidanta da gonarta suna ƙasa da nawa, shekara ɗaya aka kawo mu garin nan muna amare. Tun da mijinta ya tsallaka iyaka neman aiki bai waiwayo ba take shuka wiwi a tsakanin kunyoyin masara, kamar rabin matan kwarin nan. Masara kan rufa mata asiri. Bana sanyi ya yi wuri, masarar ta bushe, abin ya tsaya kore shar a tsakiya.

Na ce mata daga bakin ƙofata ana ganinsa sarai. Ta ce, "Wa zai gani, ke da kajinki?" Wai masu jakunan da ke zuwa saye sai ƙarshen wata, mako mai zuwa za ta yanke.

Na ce ke kika sani.

Ta ce, "Ni dai nawa bai taɓa sa namiji fitsari a wando ba." Na ce nawa kuma bai taɓa kai mace gidan yari ba. Muka yi dariya, ta ɗebi dusar giya ta kai wa aladenta.

Asabar, 22 ga Afrilu

Sun tafi da ita.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara ƙara gishiri ba. Saje Lebenya ne da 'yan sanda biyu a kan dawaki, sun biyo sawun tumakin sata. Ba nan suka nufa ba. Daga kan tudu suka hango tuta, suka juyo linzami. Na ba su bencin da ke fuskantar kwari, don nan rana ke bugawa, kowa nan yake so lokacin sanyi.

Saje yana cikin gwangwani na biyu sai ya tsura wa kwarin ido. Ya nuna da haɓa, ya kira ni yadda ake kiran matar aure a nan, ya ce, "Mme, gonar wa ce waccan mai kore a tsakiya?" Na ce gonaki da yawa ne a can. Ya ce, "Ɗaya ce dai mai kore."

Bai yi gaggawa ba. Sai da ya shanye, ya goge baki, ya ce rabon da ya sha mai kyau irin wannan tun ta mahaifiyarsa. Sannan suka gangara. Ina tsaye ina gani suka tumɓuke, suka cusa a buhunanta da ta wanke don girbi, suka ɗora wa doki. Maseabata ta yafa bargo ta shiga gaba. Ba ta ɗaga kai ta dubi gidana ba.

Waɗanda ke zaune sun yi jimami kaɗan, sannan suka ƙarasa duron.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Ban je coci ba. Ba ni na shuka ba, ba ni na nuna ba.

Laraba, 26 ga Afrilu

Na kai wa surukarta tuwo da ganye. Nkhono, haka duk garin ke kiranta, kakar kowa, ba ta gani shekara shida. Maseabata ce idonta, ita ce kuma mai ciyar da ita. Ta laluba kwanon ta ce, "Wa ya kira su?"

Na ce ba wanda ya kira su, wucewa suke yi.

"Ba a wucewa ta nan, 'yata. Hanya a gidanki ta ƙare."

Na share mata ɗaki, na ba alade ruwa, na dawo.

Asabar, 29 ga Afrilu

Na ɗaga tuta. Me zan yi, in zauna in ci duwatsu?

Yau zancen ke nan a bakin kowa. Tsohon malamin makarantarmu ya ce can wajen Maseru, babban birni, akwai kamfani mai noma ganyen nan a cikin rumfunan leda, da takardar gwamnati a bango, da masu gadi. Ya ce, "Ganye ɗaya, Lesotho ɗaya. Wancan ana yanka masa kintinkiri, wannan ana sa mata ankwa." Wani ya ce ai giya ta kakanni ce, ba biki ba jana'iza sai da ita. Malam ya ce kakansa da lofe a baki ya mutu, me suke tsammani yake ɗurawa, ciyawar doki?

Phakiso ya miƙe zai yi magana, ƙafa ta ƙi, ya koma ya yi ta a zaune. Wai wiwi haukata mutum take, duk mai shuka ta a ɗaure shi. Aka ce, "Zauna dai, mai hankali." Aka kwashe da dariya.

Suka ce ni me na gani. Na ce ni ban rubuta doka ba, abin da ta bari nake dafawa. Gaskiya ma ita ce ban taɓa tunanin abin ba, kuma ba na son in fara.

Litinin, 1 ga Mayu

Shekaranjiya da Phakiso ya bar nan ya tarar Mamookho, matarsa, ba ta sauke tukunya ba. Ya karya mata hannu da kulki, haƙori ɗaya ya fita. A amalanken shanu aka kai ta asibiti.

Sayar masa na yi. Ban ce ya doki kowa ba.

Alhamis, 11 ga Mayu

Kotu. Nkhono ce ta ce in je in zama kunnenta. Mota tun asuba, hanya ta jijjige ni har ƙugu.

Ba a ɗauki lokacin dafa shayi ba. Aka shigo da buhunan, na gane ɗinkin bakin ɗaya, ni na ba ta zaren. Aka tambaye ta ko nata ne, ta ce nata ne. Wata takwas. Saje Lebenya ya gan ni a waje ya gaishe ni da fara'a, har yana tambaya ko ranar Asabar akwai.

Na gaya wa Nkhono. Ta ƙirga da yatsu ta ce, "Janairu." Can ta ce, "Masarar fa?" Na ce da sauran lokaci.

Laraba, 17 ga Mayu

Maganar Phakiso ba za ta je kotu ba. Dangi sun zauna gaban mai gari, ya ce ba shi ba ne, giya ce. Aka karɓa. Zai yanka tunkiya ya ba surukansa haƙuri ranar Asabar, kuma tunda ba a sulhu da baki bushe, sun aiko in dafa duro ɗaya.

Mamookho aka aiko. Hannun a naɗe, rataye a wuya. Ta faɗi saƙon, ta juya, sai ta dawo ta matso kusa. Ta ce, "Mme Malikeleli, don Allah ki rage mata ƙarfi kaɗan. Kada ki ce ni na ce."

Shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa roƙona wannan. Kullum cewa ake in ƙara.

Asabar, 20 ga Mayu

Na tsinka ta da ruwa. An yi sulhu. An ce hannuna ya fara sanyi.

Talata, 6 ga Yuni

Dusar ƙanƙara a kan duwatsu. An yi shela: ranar ɗaya ga Yuli mai gari zai buɗe gonaki, a saki shanu su ci kara. Wanda bai kwashe amfaninsa ba shi ya jiyo, ba ƙara ba diyya, haka yake tun fil azal.

Kowa yana gonarsa. Ta Maseabata tana tsaye, ba wanda ya taka ta tun ranar. Mutane na tsoron a gan su ciki a ce da su ake yi. In shanu suka shiga, abincin shekararsu ke nan, ita da tsohuwa.

Tawa ma ban kai rabi ba. Hannu biyu gare ni.

Asabar, 10 ga Yuni

Tuta. Duro ɗaya da rabi. Na mayar da bencin ya fuskanci bango, suka yi ta ƙorafin inuwa.

Alhamis, 15 ga Yuni

Na je ganin Maseabata a gidan yari. Na kai burodin turara da bargo mai kauri. Asara, tabar shaƙa, suka hana a shiga da ita.

Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce, "A'a, manyan 'yan kasuwa! Kin zo kallon masu laifi?" Ta tambayi Nkhono, ta tambayi alade. Ta ce wadda ke kwana kusa da ita ruwan zafi ta watsa wa miji, ya dawo a buge ya shaƙe ta. Ta ce, "Kin ga, mu nan har da abokan cinikinku, ta bayan gida."

Na gaya mata ranar sakin shanu. Ta dubi hannuwanta ta ce irin mahaifiyarta ne, farar masarar nan, tun aurenta take ajiye shi. Ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa da ya fi min sauƙi.

Da aka ce lokaci ya yi ta ce, "Tutar tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "To Allah ya kawo kasuwa. In Saje ya zo ki gaishe shi." Ta yi dariya. Ni ta ƙi fitowa.

A mota na yi kuka. Kunya nake ji, kuma ban san ta mece ce ba, tunda ba abin da na yi.

Litinin, 19 ga Yuni

Na bi gida gida ina kiran gayya ranar Asabar, gonar Maseabata. Wasu sun ce ciwon baya. Wasu sun ce gonar hukuma ce yanzu. Na ce hukuma ta kwashi nata ta tafi, masara ba ta yi wa kowa laifi ba.

Tambayar mazan ɗaya ce: akwai giya? Na ce akwai, kyauta. Nan take baya ya warke.

Na jiƙa dawa. Abin da ya kawo 'yan sandan shi zai kawo waɗannan, ban san yadda zan ɗauki wannan ba, don haka na bar shi.

Asabar, 24 ga Yuni

Mutum goma sha huɗu. Ban ɗaga tuta ba, yau ba ta sayarwa ba ce, kuma ba na son baƙon da ban kira ba. Sandar tana jingine bayan ɗaki da buhun a ɗaure.

Na ce sai an gama aiki za a buɗe duro. Phakiso ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga gayya irin wannan ba, ko coci ana fara ba da abin sha. Na ce ga hanya. Ya tsaya, kuma ya yi aikin mutum biyu, in faɗi gaskiya. Mutumin kirki ne kafin azahar. Mamookho ta zauna tana ɓare da hannu ɗaya da gwiwa. Nkhono ta sa aka kai ta bakin gona, tana jin ƙarar karyar zangarniya tana cewa wane ya tsallake kunya.

Sai buhuna suka kasa. Nata suna can ɗakin ajiyar kotu cike da ganye. Muka haɗa na aro, muka zuba a barguna, duk da haka tsibi ɗaya ya rage a ƙasa, kuma shi ne wanda aka ware na iri. Gajimare ya taso ta kan dutse, iska ta juya, kowa ya san me ke tafe.

Na haura gida na kwance tutar. Ta yage a gefe, na ɗinke. Ta ɗauki tsibin daidai. Malam ya tsaya yana kallona ina ɗaure bakin buhun.

Muna shigar da na ƙarshe dusar ƙanƙara ta fara. Aka buɗe duro. Phakiso gwangwani biyu na ba shi na ce ta ƙare. Ya ga ba ta ƙare ba.

Laraba, 28 ga Yuni

Na gama tawa da ƙyar. Bayana kamar ba nawa ba.

Nkhono ta sa an ajiye buhun irin a gefen shimfiɗarta saboda ɓera. Ta shafa shi ta ce, "Wannan ya sha iska." Na ce tsoho ne.

Asabar, 1 ga Yuli

An saki shanu. Daga bakin ƙofa na ga sun shiga gonarta, kara kawai suka samu.

Da hantsi maza suka fara zuwa, wai sun duba ba su ga tuta ba. Na ce ba ni da buhu. Phakiso ya ce to a sayar ba tuta mana, ai sun san hanya. Na ce ban dafa ba. Dawar da na jiƙa kunu na dama da ita, Nkhono tana so da tsami.

Da rana malam ya kawo min buhu, fari, sabo fil. Ya ce, "Ga shi, Mme, kada a ce rashin buhu ne." Na gode masa. Na ninke na sa ƙarƙashin katifa.

Ba cewa na yi na daina ba. Da me zan ci? Sandar ce ma na ga kamar gindinta ya fara ruɓewa, sai na samu mai duba min, kuma yanzu kowa yana fama da sussuka. Bencin na mayar da shi inda yake, na zauna ni kaɗai har rana ta bar kwarin.

Wataƙila Asabar mai zuwa. Ko dai in bari sai Janairu.