Jinin Mama da Malt ɗin Yaya Bitrus

Alhamis da dare, Mararaba

Har yanzu raina a ɓace yake. Tun damina Mama ke fama da jiri da haki, tafin hannunta fari fat, amma Yaya Bitrus ya hana a kai ta asibiti. Wai mai kemis ya ja fatar idonta ya ce ƙarancin jini ne, malt da madarar gwangwani sun isa.

Jiya na ɗauko ta daga Kwali ban shawarci kowa ba, yau na kai ta asibiti. A asibiti aka ɗebi jininta, aka duba bayan gidanta. Jinin ya yi ƙasa sosai, kuma tsutsar ciki ce ke tsotse shi, irin wadda ke shiga ta ƙafa. Mama kuwa ba ta taɓa shiga gona da takalmi ba. Likita ta ce ƙarancin jini iri-iri ne, sai an gwada ake gane dalilinsa.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "To, ai dama na ce ba jini."

Na ce, "Yaya, duk malt ɗin nan tsutsa ka yi ta kiwo, ba Mama ba."

Ya kashe waya. Shi ya sani. Ta sha maganinta, gobe zan sayo mata takalmin roba.