Kunnen Ladan da Tsagar Masallacin Kaka

Nassarawa, Birnin Kebbi,
Watan Muharram, 1993.

Zuwa ga taubashina Ja'afar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, Ya buɗa maka karatu, Ya tsare ka daga sanyin ƙasar Italiya. Mu nan lafiya lau. Inna Balaraba ta samu sauƙin ƙafarta. Nazifa ta sauka lafiya, an samu ɗiya, anka sa mata Jannatu. Hancinta naka ne sak, Allah Ya ba ta haƙuri.

Hoton cocin garinku ya iso, har ya tsufa a hannun Kaka Hodi. Ya saka tabarau ya yi ta duban ginshiƙan nan masu murɗewa kamar igiya, da tagogi masu siffar ƙwai, da kubbar da anka yi wa zane har ta koma kamar sararin sama. Da na karanta mishi cewa ginin ya haura shekara ɗari biyu, kuma gobara ta taɓa cin rufinsa sunka gyara ba su rushe ba, sai ya ƙara matso da hoton kusa da idonsa. Can ya ce ko wane ne maginin nan, ya san inda nauyi ke sauka. Na ce mishi ai maginin nan ya fi shi iyawa, ya jefe ni da takalmi.

Akwai dalilin da ya sa hoton ya shiga ran Kaka haka. Ka san masallacin unguwa, wanda mahaifinsa ya gina da tubali da azara lokacin da ya taso daga Argungu, Kaka yana yaro yana cuɗa mishi ƙasa. Tun da anka ba mu jiha, samari sunka watse neman aikin bulo, ba a sake gayyar yaɓe ba. Daminar bara sai ga tsaga ta sauko daga bakan gizon tsakiya, wanda ke ɗauke da rufi, har gindin ginshiƙi. Dattawa sunka ce rai ya fi gini, a rushe a yi na siminti da kwano, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Kaka ya roƙi a bari ya tambayi ginin tukuna, yadda ubansa ya koya mishi: a manna ɗanyar laka a kan tsagar a bar ta ta bushe. In ta tsage, gini na tafiya, shi da kansa zai fara sara da diga. In ta tsaya, ciwon a fata yake. Daga ranar tuwo ya daina shiga bakinsa sosai.

To, laka ta ƙi bushewa! Ana tsakiyar bazara, ƙadangare ma na neman inuwa, amma kullum a iske ta da laima, sumul. Kaka ya ce akwai hannun da ke shafa ta. Ba sai na gaya maka inda idanu sunka juyo ba. Na rantse, liman ya ce rantsuwata ta sha wanki har ta koɗe. Wanda ya taɓa ɗinke bakin wandon malaminsa, ai ko akuya ta ɓace shi za a tambaya.

Sai na nemi garin galura wajen Gwaggo Laure, irin wanda ba ya nuna kansa sai ya ji ruwa, na barbaɗa a kan lakar. Da azahar ladan Kalilu ya tsaya kiran salla, ya sa yatsu a kunne kamar kullum. Ja'afar, da ka ga kunnen damansa! Shuɗi shar, har gefen gemu, kamar ya kwana a marina. Ashe duk alwala sai ya bi da jiƙaƙƙen yatsa ya lallashi lakar don kada ta tsage. Na so in yi dariya har in faɗi, amma da naj ji abin da ya ce sai ta maƙale. Ya ce tun yana saurayi muryarsa ta san rufin nan, in ya yi kabbara ginin na amsa mishi, kuma bai san yadda zai kira salla ƙarƙashin kwano ba. Kaka ya riƙe hannunsa ya ce so ne, amma in an rufe wa maras lafiya baki, ta ina zai faɗi inda ke mishi ciwo?

Anka manna sabuwa, anka ce ni zan yi gadi. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ta bushe ƙarau, munka yi ta zuba ido, har hadarin farko ya zo da iskar da ta kwashe kwanon shagunan bakin titi. Ruwa na tsayawa munka ruga, Kaka a gaba ba sanda. Laka na nan, ko layin gashi babu! Da anka hau rufi sai anka iske indararo ne ya karye, ruwa ke bin bango yana cin yaɓe. Azara lafiya lau, gara ba ta taɓa ta ba. Alhamdu lillahi. Ranar Kaka ya cinye tuwonsa ya haɗa da nawa.

An yi gayya, an yaɓe masallaci da makubar ɓawon ɗorawa, Kaka ya maido zanen bakin ƙofa yadda ubansa ya bar shi. Kunnen ladan dai har yanzu da saura, ya koma naɗa rawani har wuya.

Inna Balaraba, Nazifa, Gwaggo Laure da Zayyanu duk suna gaishe ka. Kaka ya ce ka tambayo mishi mutanen cocin nan su wa ke musu yaɓe, don gini ba ya kai shekara ɗari biyu shi kaɗai. Kuma ya hana a rufe wani wuri kamar faɗin faifai a bangon gabas, ya kare shi da tsohuwar tabarma. Ya ce rabonka ne, duk jikansa sai ya sa hannu. Ka hanzarta, damina ba ta san kana karatu ba.

Wassalam. Ni ne ubangidanka, ko ka yarda ko kada ka yarda,
Ikrima