Mijina Ya Gyara Kwale-kwale, Likita Ya Hana Shi Teku

Malama Zorka,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ba zan sa sunana ba, ko da yake duk ɗan tsibirinmu da ya karanta wannan zai gane ni tun bai yi nisa ba. Na kai inda ban damu da hakan ba.

Mijina Jerko ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin manyan jiragen dakon kaya. Sai ya yi wata da watanni ba ya gida, 'yarmu Nevenka kusan ni kaɗai na raine ta. Ni ba 'yar bakin teku ba ce, daga wani ƙauye na kan duwatsu ya auro ni, har yau in na shiga jirgin fito zuwa birnin Shibenik sai cikina ya juya. Tun muna amare yake kirana Akuyar Dutse, ni kuma in ce masa Baƙin Mai, don ko wanka nawa ya yi warin injin ba ya barinsa.

Da ya yi ritaya sai ya gano kwale-kwalen babansa, wanda aka sayar tun yana saurayi, yashe a wani lungu na gaɓa, rabinsa cikin yashi, ƙaguwa ta yi gida a ciki. Ya tara abokansa suka ɗora shi a tirela, tarakta ta jawo shi har tsakar gidana, ƙarƙashin ɓaure, a kan kabejin da na shuka. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na ce wannan ai itacen girki ne. Ya shiga cire ruɓaɓɓen katako ɗaya bayan ɗaya, yana gasa sabo da tururi yana lanƙwasawa, yana cusa zare a tsakani yana liƙewa da kwalta. Shekaru yana wannan aiki. Injin kuwa, wani tsohon mai silinda ɗaya ne da ake tayarwa da hannu, a murza wani ƙarfe, tsatsa ta cinye shi har fistan ya ƙi motsi. Ya kwance shi kaf a ɗakin ƙasa inda muke ajiye man zaitun, kowane noti da gwangwaninsa. Farantaina na tangaran sun sha wankin bawul ɗin inji. Na daina magana, don na ga mutumin yana cikin daɗi, kuma ga shi a gida, abin da na yi shekaru ina roƙo.

Ana cikin haka mantuwa ta soma. Da farko famfo zai bari a buɗe, ko ya tambaye ni sau uku ko ya ci abinci. Sai wata rana ya je sayen burodi ya kasa gane hanyar gida, a garin da aka haife shi. Mai gidan burodin ce ta rako shi, tana ta yin kamar hanyarta ce ta biyo ta nan. Muka je asibiti a Shibenik, aka yi gwaje-gwaje, likita ya gaya mana ciwon mantuwa ne irin wanda ba ya komawa baya. Ya ce ba tuƙin mota, ba shiga teku shi kaɗai. A jirgin dawowa Jerko ya ce da ni: "Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki yi min wayo irin wanda ake yi wa yara. Duk abin da ake ciki, ki dube ni ki faɗa min." Na yi masa alkawari.

Abin da ke ba ni mamaki, Malama, ciwon bai shiga ɗakin ƙasa ba. Mutumin da ke kiran Nevenka da sunan ƙanwarsa da ta rasu, in ya tsaya gaban injin nan sai ya dawo Jerko na da. Hannunsa ba ya rawa. Ya san ringin fistan da ya kamata, ya yanka gaskit da kansa, yana fito yana zagin wanda ya ƙera famfon mai. Ni kan sauko in zauna a kan tulu kamar mai tsince wake, alhali mijina na zo gani, don a nan kaɗai nake samunsa.

Makon jiya injin ya tashi. Jerko ya murza, ya murza, sai injin ya yi tari ya kama, hayaƙi ya cika gidan. Duk unguwa aka fito. Amininsa Roko, tsohon masunci mai ciwon gwiwa, ya shigo yana ɗingishi yana cewa ashe gawa na tashi tun kafin ranar ƙiyama. Jerko ya waiwayo fuska duk baƙi, ya ce: "Akuyar Dutse, kin ji itacen girkinki yana waƙa?" Rabon da ya kira ni haka har na manta. Na yi dariya, na hau sama na rufe ƙofa na yi kuka, don na san abin da zai biyo baya.

Yanzu ba shi da zance sai na saka jirgi a ruwa da bazara. Zai tafi ɗan tsibirin da babansa ke da zaitun, shi kaɗai, kamar yadda tsohon yake yi. Na cika alkawari. Na zaunar da shi na dube shi na ce likita ya hana. Ya tambayi wane likita. Na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara, idonsa ya cika, ya ce na yi gaskiya, ya gode da ban ɓoye masa ba, ya ƙi cin abinci ranar. Washegari ya tashi yana fito, yana tambayata ina na ajiye igiyar anga, ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi. Na sake faɗa masa. Ya sake ji kamar yau ya fara ji. Ban san sau nawa na yi haka ba. Kullum ni ce mai kawo masa labarin, kullum sabo ne a wurinsa, ni kuma a wurina yana ƙara nauyi.

Shekaranjiya da safe na farka ba ya kusa da ni. Na same shi a tashar jirage da silifas, riƙe da ƙarfen murza injin, yana bin kwale-kwalen mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman nasa, wanda ke nan tsakar gida bai motsa ba. Masunta suka fara tsokanarsa, suna cewa ko dai ya sha da sassafe. Da ya kama rigar ɗayansu yana ihu an sace masa jirgin ubansa, sai kowa ya yi tsit. Na jawo shi gida a gaban jama'a. Da jirgin yana kan ruwa a safiyar nan, da yanzu wani labarin nake rubuta miki.

Nevenka tana aiki a Jamus. Ta waya ta ce in sa a zo a ɗauke jirgin ranar da zan kai shi asibiti, a sayar ko a ƙone. Ta ƙara da cewa: "Mama, jira kike a kira ni a ce an tsinci Baba a bakin duwatsu?" Roko kuma ya zo da tasa dabarar. Ya ce in bar shi da injin na ɗan lokaci, zai zare wani ɗan abu daga famfon mai yadda ba zai ƙara tashi ba, Jerko ya ci gaba da kwancewa da ɗaurawa har iya rayuwarsa, yana cikin farin ciki, yana kan tudu. Na ce ai zai gano. Roko ya sunkuyar da kai ya ce da can kafin kofi ya huce zai gano, yanzu kuwa ba zai gano ba.

Amma ni na ga ranar da wani noti ya ɓace masa. Ya dinga dukan kansa da tafin hannu yana cewa kan ya ruɓe, ya kwana biyu ba ya sauka ƙasa. In injin ya ƙi tashi, ba injin zai zarga ba, kansa zai zarga. Abu ɗaya da ya rage masa wanda ya tabbata ya iya, shi ake so in lalata da hannuna. In na bari kuma teku ta ɗauke shi. Ba na barcin kirki, na rame, addu'a ma in na fara sai in rasa me zan roƙa. Wani lokacin sai in ji ina ma injin bai taɓa tashi ba, wani lokacin in ji wani tunanin da ya fi wannan muni. Me zan yi?

Matar Bakanike, daga tsibiri

*

'Yar'uwata Matar Bakanike,

Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka. Ba ni da maganin ciwon mijinki, kuma ba zan ce miki abin zai yi sauƙi ba, don ba zai yi ba. Amma ba hanyoyi biyu kaɗai gare ki ba.

Bari in fara da alkawarin. Kin cika shi. Ya roƙe ki kada ki yi masa wayo, kin dube shi kin faɗa masa gaskiya, ya ji, ya gode miki. Bai roƙe ki ki riƙa sa shi makoki kowace safiya ba, kuma mutumin da ya yi miki wannan roƙo a cikin jirgin fito, da zai ga abin da maimaitawar ke yi muku ku biyu, da shi zai fara cewa ki daina. Daga yau in ya yi zancen teku, kada ki ɗauko labarin likita. Ki ce masa za a je, amma ba shi kaɗai ba. Ki tabbata kuma hakan gaskiya ne.

Dabarar Roko ta ƙauna ce, amma kada ki yarda. Ke da kanki kin faɗi dalili, kuma kin fi kowa sanin mijinki. Sayar da jirgin a bayan idonsa ma ba zai hana shi fita nema ba, zai ƙara ne. Kin ga abin da ya yi a tasha alhali jirgin na gida. Sai dai kada ki riƙe Nevenka a zuci. Tana nesa, ba ta da abin yi sai tsoro, kuma tsoronta na kan hanya: mutumin da ya ɓace tsakanin gidan burodi da gida ba zai shiga teku shi kaɗai ba, ko da ruwan ya kwanta kamar mai. Wannan ba abin tattaunawa ba ne.

Ga abin da nake gani. Ki fara komawa wurin likita ki ba shi labarin safiyar nan ta tasha, da rashin barcinki, da tunanin da kika ce ya fi muni. Kada ki ji kunyarsa, masu jinya da yawa sun san shi, gajiya ce ke kawo shi. Ki tambaye shi ko Jerko zai iya fita da rakiya. In ya amince, a saka jirgin a ruwa wannan bazarar. A zaɓi safiyar da iska ta kwanta, kowa da rigar ceto, Roko a ciki, tare da wani masunci mai ƙarfi wanda zai iya karɓar tuƙi ko ya ciro mutum daga ruwa, don gwiwar Roko ba za ta iya ba. Mutanen da suka yi tsit a tasha kunya ce ta kama su, za ki samu mai zuwa da gudu. Jerko ya tayar da injinsa da hannunsa, ya kai ku ga zaitun ɗin babansa. Ki ce wa Nevenka ta ɗauki hutu ta zo ta shiga. Yana da kyau ta ga ubanta a gaban injin nan, ta kuma ga abin da kike fama da shi da idonta, ba ta waya ba.

Ranar kuma jirgin ya dawo tsakar gida, kada ya kwana a ruwa ko sau ɗaya. Wannan ba yaudara ba ce. Jirgin katako ba ya rasa aiki, akwai wanki, akwai fenti, akwai canjin mai. Zai samu abin yi, ke kuma ki san inda yake. Ki sa ƙararrawa a ƙofar waje, ki gaya wa maƙwabta da mutanen tasha halin da ake ciki a fili, domin duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya rako shi. Ki kuma nemi wanda zai riƙa zama da shi wasu ranaku ki fita ki sha iska. In kika faɗi, shi ma ya faɗi.

Wataƙila washegarin tafiyar ya manta an je. Ki shirya wa wannan tun yanzu. Ba zai sa tafiyar ta zama banza ba, domin a safiyar zai san inda yake, zai san aikin hannunsa ne ke ɗauke da iyalinsa. Abin da kawai zan matsa miki a kai shi ne kada ki ɗaga zuwa baɗi. Ciwon nan ba ya jira, kuma ba mu san ko baɗi zai ƙara tambayar jirgin ba.

Allah ya ba ki ƙarfi, ya sassauta masa, ya kwantar muku da teku ranar. Ki gaida min Jerko, ki ce wata tsohuwa a birni ta ji labarin injinsa ta jinjina masa.

Zorka