Karce Uku a Ƙashin Ɓauna

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa gwiwar nan taki sauƙi, kuma ina fata kin daina hawa bene da kaya a hannu kamar yadda likita ya hana ki. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, shekaranjiya ma ita ta tsaya a kan mai gyaran famfo tana koya masa aikinsa. Uwar yara ta sake jeren ɗaki, yanzu sai na yi tambaya kafin in ga takalmina. Auta ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya ji a yatsa.

Kin tambaya ko har yanzu ina aikin goge ƙasusuwa a cibiyar bincike. Ina nan ina yi, amma watan nan saura ƙiris in rasa shi. Bari in faro miki daga tushe, kin san ban iya ba da labari ta tsakiya ba. Idan masana suka haƙo ƙasusuwan dabbobin da suka mutu tun dubban shekaru, teburina ake kawo su. In cire ƙasa da buroshi da ɗan tsinken ƙarfe irin na likitan haƙori, in shafa gam mai ruwa don kada ƙashin ya ruguje, in rubuta masa lamba. Malamar da nake ƙarƙashinta kuwa, iliminta shi ne gano abin da ya sami ƙashi bayan dabba ta mutu: ko kura ce ta gwagwiye shi, ko ruwa ya gangaro da shi, ko mutum ne ya yanki nama a kansa.

Wata safiya ta sa ƙashin ƙafar wata ɓauna ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, sai ta ga karce uku a jere. Ta tara mu duka, ta ce irin sawun da wuƙar dutse ke bari ne, ke nan mutane sun feɗe nama a bakin tsohon kogin da ake haƙa tun kafin lokacin da ake zato. Nan take ta fara shirin kai labarin taron masana. Ni ma na leƙa na taya murna, amma lambar ƙashin, ɗari biyu da sha biyu, ta tsaya mini a rai.

Da na koma gida da la'asar na ɗauko littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, wanda kike tsokanata da cewa na ɗauke wa mala'iku aiki da shi. Na yi ta buɗawa baya har wata huɗu. Ga shi da hannuna: ranar Talata, ƙashi na ɗari biyu da sha biyu, tsinke ya zame mini sau biyu, na shafa gam. Ashe gam ɗin ne ya rina sabon karcen ya zama kalar tsohon ƙashi. Yaya, mutumin dā ɗin da Malama ke shirin sanar wa duniya, ƙanenki ne.

Kwana uku ina juya maganar. Takardar aikina ta shekara-shekara ce, kuma Malama ce za ta sa hannu a sabunta ta ƙarshen wata. Na ce ko ba wannan ƙashin ba ne, ko na yi kuskuren lamba, na duba rajistar ofis, lamba dai ita ce. Uwar yara ta gaji da ganina ina juya cokali a kwano. Ta ce ta san ta auri mai rubuta gaskiya kullum, ba ta san yana tsoron karanta ta ba, kuma in ba zan ci abincin ba in miƙo mata kwanonta.

Ranar Alhamis na shiga ofishin Malama na ajiye littafin a buɗe a gabanta. Ta karanta layin. Sai kuma ta ci gaba da karanta sauran shafin, abin da ban yi tunaninsa ba. A ƙasan layin nan na rubuta cewa Malama ta cika gaggawa, ko shayi a tsaye take sha. Ta karanta wannan da ƙarfi, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wannan ma bincike ne mai inganci. Na rasa inda zan sa fuskata.

Tare muka wanke gam ɗin da magani. Karce biyu suka fito fari fat, nawa ne ba musu. Na ukun ya tsaya ruwan ƙasa, da tsohuwar ƙasa maƙale a cikinsa. Ba ta ɓoye ɓacin ranta ba, ta ce karce ɗaya bai isa a tara mutane ba, ta fasa tafiyar. Amma ta ce gara ta ji daga bakina a ɗakin nan da ta ji daga bakin wani a gaban mutum ɗari biyu.

Yanzu ta ba ni sabon aiki. Mahauci yana kawo ƙasusuwan shanu, ni kuma in karce wasu da wuƙar dutse, wasu da tsinken ƙarfe, wasu in tattake su cikin yashi da takalmi, in rubuta kowanne, don a sami abin gwadawa. Abin da na yi tsoron a kore ni a kansa, shi nake yi daga safe zuwa azahar. Karce na ukun yana cikin durowa yana jiran hukunci, kuma ban ɓoye miki ba, har yau nakan ce ko sau uku tsinken ya zame na rubuta biyu. Jiya Malama ta sa hannu a takardata, ta haɗa mini da sabon littafi. Ta ce wannan na ƙasusuwa ne kawai, ra'ayina game da ita in bar shi a na gida.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'yan biyu, da Dogo, ki ce masa ya dage da karatu. Inna tana sa muku albarka, Baffa da Gwaggo suna gaisuwa, uwar yara ta ce a gaishe ki gaisuwa ta musamman. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙanenki, Baban Auta